Filin Tambaya da Amsa: An ce in sa hannu a kan awon da ban yi ba

Wasiƙun da suka zo mini a wannan watan kusan duk a kan dagwalon masana'antu suke. Na zaɓi huɗu. Ta farko ce ta tsaya mini a rai, shi ya sa ta cinye mafi yawan filin. Sauran masu tambaya ku yi mini haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni ɗanka ne, shekarata biyu ina aiki a sashen tace dagwalo na wani kamfanin jima a nan Kano. Lasisinmu yana nan rataye cikin gilashi a ofishin manaja. Amma tun da man gas ya yi tsada, ƙarfe takwas na dare ake kashe injinan da ke hura iska a tanki, sai da safe a tayar. In tanki ya cika cikin dare, akwai wata ƙofa da ake buɗewa, ruwan ya bi lambatu ya fice bai bi ta matata ba. Ranar da za a ɗebi samfur kuwa, tun jajibiri ake sakin ruwan burtsatse a tankin ƙarshe. Yanzu wanda yake sa hannu a rahoto ya bar aiki, an ce ni zan gaje shi. Ina da mata da 'ya ɗaya, mahaifiyata ma a wuyana take. Baba, in sa ko in ƙi? In asiri ya tonu wa za a kama, ni ko mai kamfani?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka ɗauki biro. Kada ka sa hannu a kan lambar da ba kai ka auna ba, ko wadda ka san an yi wa ruwan kwaskwarima kafin a auna. Amma ban ce gobe ka shiga ofishin manaja da faɗa ka ajiye aiki ba. Akwai hanyar bi, zan kuma zo kanta.

Mu fara da takardar nan ta cikin gilashi. Mutane da yawa, har da masu kamfani, suna ɗaukar lasisi kamar takardar gama makaranta, a karɓa sau ɗaya a rataye, shi ke nan. Lasisin zubar da ruwa alkawari ne mai sharuɗɗa. Hukuma ce take cewa, mun yarda ka saki ruwanka ta wannan bututun kaɗai, muddin ƙazantar da ke ciki ba ta wuce kaza ba, kuma za ka riƙa aunawa kana kawo mana sakamako. Duk sa'ar da ruwa ya fita a kan saɓanin haka, to a wannan sa'ar kamfanin ba shi da izini, ko da wa'adin takardar bai cika ba. Saboda haka ka nemi kwafin lasisin da duk shafukan da ke bayansa, ka zauna ka karanta. Na sha tambayar masu aikin matata ko sun taɓa ganin shafi na biyu, da wuya in sami wanda ya gani, alhali a can lambobin suke.

Ƙa'idojin nan ba da daɗi muka same su ba. A 1988 aka gano dubban gangunan guba, sama da tan 3,500, waɗanda aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Wannan abin kunya ne ya sa gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a shekarar. A 1991 aka fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kowace masana'anta ta kafa na'urar tace dagwalonta, aka kuma sa iyaka: awon pH, wato tsami ko kaifin ruwa, ya tsaya tsakanin 6 da 9, zafinsa kada ya kai digiri 40, kurom kuma, wato sinadarin da ake jeme fata da shi, ya gaza miligiram 1 a lita. A 2007 aka kafa hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ita kuma a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da kamfanonin fata da na takalma. Ku a ƙarƙashin waɗannan kuke.

To, abubuwa uku ka lissafa, kowanne da irin ɓarnarsa.

Manajanku yana kallon tankin iska kamar tukunya, a sauke da dare a ɗora da safe. Tankin nan garke ne. Abin da ke cinye ƙazantar ƙwayoyin bakteriya ne masu rai, kuma numfashi suke yi kamar ni da kai. Suna buƙatar iskar oksijin wajen miligiram 2 a kowace lita, dare da rana. Ka gwada wannan gobe: ɗebi lita ɗaya daga tankin a silindar awo, ka ajiye minti 30. In garken yana da lafiya, za ka ga laka mai launin ƙasa-ƙasa ta kwanta a ƙasa, ruwan sama ya yi garau, ƙamshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan farko. In ya kwana ba iska, lakar takan yi toka-toka ko baƙi, ta ƙi kwanciya, wasu curi-curi su riƙa tasowa sama, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da zarar garken ya mutu, kunna inji da safe ba ya tayar da shi. Sai an yi makonni ana lallaɓawa. Na san inda ke yi wa manaja ciwo, domin a irin wannan matata hura iska kaɗai kan cinye rabin wutar ko fiye. Amma man da yake ƙonawa da rana ma asara ne in ƙwayoyin sun mutu da dare. Injin yana ruri, ruwa yana tafasa a ido, ba abin da ake tacewa.

Tun da na ambaci warin ƙwai, bari in ja kunnenka. Wannan wari iskar salfaid ce, kuma tana kisa. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka takan kwanta a gindin tanki da rami. Mugun halinta shi ne, in ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin, ya zaci ta wuce. Tana tasowa sosai idan ruwan cire gashi, mai farar ƙasa da salfaid, ya haɗu da ruwan kurom mai tsami. Kada ka shiga rami ko tanki don manaja ya ce famfo ya toshe, sai an hura iska an auna, da igiya a ƙugunka, da mutane a sama. In wani ya faɗi a ciki, kada ka bi shi haka nan ba kariya. Sau da yawa mai ceto ne gawa ta biyu.

Ƙofar da ake buɗewa da dare kuwa, ɓarauniyar hanya ce, kuma ita ce mafi muni cikin ukun. Akwai awon da muke kira BOD, wanda ke nuna yawan oksijin da ƙazantar za ta zuƙe daga kogi. Ruwan masai na gidaje kan tsaya tsakanin miligiram 200 da 400 a lita. Ɗanyen dagwalon jima yakan kai 2,000 ko fiye. Tan ɗaya na ɗanyar fata kan sha ruwa lita 30,000 zuwa 50,000 kafin a gama da ita, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na kurom ɗin da ake zubawa a ganga ba ya kama fatar, ruwa yake bi. Ƙara da gishiri da gashi da kitse. Ba ka faɗi unguwar da kuke ba, amma duk inda kuke a Kano ruwan yana da masauki. Na Sharaɗa kan bi rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Challawa ma can yake zuwa, daga nan a haɗu da kogin Kano a nufi Wudil da Haɗeja. Na Bompai kan bi Getsi ya shiga Jakara, ya ƙare a dam ɗin Wasai da ke Minjibir. Duk tsawon hanyar nan akwai mai lambu, akwai masunci, akwai makiyayi.

Sirka ruwan burtsatse kafin ɗibar samfur kuwa, daidai yake da mai ciwon suga ya aika fitsarin ɗan'uwansa asibiti. Takarda za ta dawo da kyau, ciwo yana nan yana cin jiki. Kurom ɗin da zai shiga kogi bai ragu ko da giram ɗaya ba.

Ɗana, ba daga littafi nake ba ka wannan amsa ba. Ni ma na taɓa sa hannu. Ina saurayi, a wani kamfani da ba zan ambata ba, mitar pH ɗinmu ta lalace, na rubuta a saya, aka yi ta cewa gobe. Ƙarshen wata ya zo, na buɗe littafin watan jiya na kwafe lambobin, na ɗan sassauya su don kada su yi kama. Wata biyu ina haka. Ran nan bayan sallar asuba, ban san abin da ya ja ni ba, na bi lambatunmu da ƙafa. Ruwan shuɗi-shuɗi ne mai toka, da kumfa a gefe, gashin akuya ya maƙale a ciyawa kamar an shimfiɗa tabarma. Can ƙasa inda ya shiga rafi na tarar da wani dattijo zaune kusa da injin ban-ruwansa, bai tayar ba. Na gaishe shi na tambayi abin da yake jira. Ya ce in ruwan ya zo da wannan launi sukan dakata har hantsi ya wuce, domin in ya taɓa latas ƙonewa yake. Ya san daren da ake saki, ya san lokacin da yake isowa, har ya san makon da kamfani ya sami fata da yawa. Ya ɗaga wandonsa ya nuna mini ƙafafunsa, duk sun tsage har ƙwauri. Bai san ni ne mai rubuta cewa ruwan lafiya lau yake ba. Ban iya faɗa masa ba. Ranar na koma na rubuta a littafin aiki, da jan biro: mita ta lalace, ba a auna ba. Manaja ya yi fushi, ya daɗe bai amsa gaisuwata ba, ƙarin albashin shekarar ma ya wuce ni. Amma ba a kore ni ba, kuma kafin wata ya ƙare aka sayo mita, domin babu manajan da ke son jami'i ya buɗe littafi ya tarar da wannan layin ya yi shafi guda.

Ka tambayi wa za a kama. Dokar NESREA ta 2007, kamar yadda aka fara zartar da ita, ta sa tarar da ta kai Naira miliyan 1 ko ɗaurin da ya kai shekara 5 ga wanda ya saki abu mai guba a ruwa ko ƙasa ko iska. Kamfani kuma tarar miliyan 1 da ƙarin 50,000 a kowace ranar da laifin ya ci gaba. Ta ce masu riƙe da ragamar kamfanin ma suna da laifi, sai wanda ya nuna bai sani ba ko ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana. Hukumar tana da ikon garƙame wuri. Wannan a takarda ke nan. A zahiri kuwa, ranar da jami'ai suka zo da nasu kwalaben suka ɗebi ruwa ba sanarwa, mai kamfani zai ce shi ba masanin sinadarai ba ne, ya ɗauki ma'aikaci ya ba shi amana, ga ma sa hannunsa. Umurnin da aka ba ka da baki ne, naka kuwa a rubuce yake. Ka kuma tambayi kanka abin da ya kori wanda ka gada. Ruwa ba ya tsami banza. Ban da hukuma, kai Musulmi ne, ka san matsayin shaidar zur a cikin manyan zunubai, ka san hadisin da ya yi gargaɗi a kan ɓata mashayar ruwa da hanya da inuwa.

Kada ka ɗauka wannan dabara tamu ce mu kaɗai, ko kuwa ba a taɓa kama mai yin ta ba. A Ingila akwai kamfanin ruwa mai suna Southern Water. A 2019 hukumar da ke sa ido a kansu ta gano cewa a wasu matatunsu ana tsayar da fitar ruwa da gangan a lokacin da ake sa ran ɗibar samfur, don kada a auna a ga sun faɗi. Aka sa su biyan fam miliyan 126, mafi yawansa a mayar wa masu biyan kuɗin ruwa. A 2021 kuma kotu ta ci su tarar fam miliyan 90 saboda sakin ɗanyen ruwan masai sau dubbai tsakanin 2010 da 2015. Shekaru suka yi suna yi kafin a tono, amma da aka tashi tonowa, littattafan aikinsu da lambobin mitocinsu aka bi.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Daga gobe ka riƙe littafin aiki da gaskiya: lokacin da aka kashe inji, lokacin da aka tayar, awon pH, yadda laka ta kwanta, daren da aka buɗe ƙofa. Ba zagi, ba sunan kowa, abin da ya faru kawai da kwanan wata. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. In an kawo rahoto, ka ce za ka sa hannu a kan samfurin da ka ɗiba da hannunka, a bakin bututun ƙarshe, a ranar aiki irin ta kullum, ka sa shi a ƙanƙara ka kai ɗakin gwaji a ranar. In sakamako ya wuce iyaka, a rubuta ya wuce, a rubuta dalili, a rubuta gyaran da za a yi da lokacinsa. Na zauna da jami'an hukuma sau da yawa, kuma na ga bambancin yadda suke karɓar wanda ya kawo matsalarsa da kansa da wanda suka kama da ƙarya. Su ma sun san babu matatar da pH ɗinta zai tsaya 7.2 kwana talatin a jere, da biro ɗaya da rubutun zama ɗaya.

Sannan kada ka je wa manaja da ƙorafi kaɗai, je masa da lissafi, a rubuce, cikin ladabi. Maimakon kashe iska dare guda cur, a bar ƙaramin inji ɗaya a kan ƙaramin janareta, ko a riƙa kunnawa ana kashewa a gajerun tazara. A raba ruwan kurom da na cire gashi, kowanne da hanyarsa. Ruwan kurom in aka ɗaga pH ɗinsa zuwa 8 ko 9, kurom ɗin kwanciya yake, a kwashe a narkar da asid a mayar ganga, wato sinadarin da ake sayowa da dala ya dawo aiki maimakon ya bi lambatu. A kakkaɓe gishirin fata kafin a jiƙa. A sa rariya ta tare gashi da nama tun daga bakin ganga. A daina sauke ganguna da yamma in an san tanki ba zai ɗauka ba. Mai kamfani da ba ya jin maganar kogi yakan ji maganar kuɗi.

In ka yi duk wannan aka ce dole sai ka sa hannu a kan ƙarya, ka ce a ba ka umurnin a rubuce, ko a nemi wani ya sa. Ka fara neman wani aikin tun yanzu, a hankali, ba tare da ka sanar da kowa ba. In abin ya ci gaba, ofishin NESREA na jiha da ma'aikatar muhalli suna karɓar ƙorafi. Ba zan ce maka babu haɗari ba, akwai. Ka yi shawara da mahaifiyarka, ka nemi addu'arta, ka rubuto mini yadda aka ƙare.

TAMBAYA: Malam, ni mai lambu ne a gefen Jakara, a nan na gaji ubana. Muna noman latas da kabeji da karas da alayyafo da wannan ruwa. Wani ma'aikaci ya ce mana kamfanonin duk suna da lasisi, saboda haka ruwan ba shi da illa. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya sa wa lambu albarka. Ba gaskiya ba ne, ko da kowane kamfani yana cika sharaɗinsa. Iyakar da ake sa wa kamfani ta zubarwa ce, da tunanin kogi zai sirka ruwan. Dubi kurom: ƙa'idar zubarwa ta 1991 ta ce ƙasa da miligiram 1 a lita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sa 0.05 ga ruwan sha. Ninki 20 ke nan. Da rani kuma, lokacin da kuka fi buƙatar ruwan, babu ruwan sama da zai sirka shi. Abin da ke gudu a Jakara a lokacin kwatar cikin birni ce da ruwan mayanka, sannan na masana'antu ya shigo ta Getsi.

Illar iri biyu ce, kuma ya kamata ka rarrabe su. Akwai ta ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, daga kwata. A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da za a ba ganyen da ake ci ɗanye kada ƙwan tsutsa ya wuce 1 a lita. Wannan illar kana iya rage ta da hannunka. Ka bi da ruwa ta kwari tsakanin kunya, kada ka watsa a kan ganye. Ka tsayar da ban-ruwa 'yan kwanaki kafin cira, rana ta yi aikinta. Kada a wanke karas da latas a ruwan rafin, wannan na roƙe ku, domin a nan ake mayar da duk abin da rana ta kashe. Ka sa takalmin roba, yaranka ma haka.

Ɗaya illar ta gishiri ce da ƙarafa irin su kurom. Wannan ba ta jin rana, ba ta jin wanki, taruwa take yi a ƙasa shekara bayan shekara. In ka fara ganin fari-fari a saman kunya, ƙasa ta yi tauri, bakin ganye yana ƙonewa, gishiri ne. Maganinta daga tushe yake. Abin da za ka iya a gonarka shi ne, in da hali ku haɗa kuɗi ku haƙa rijiya nesa da bakin rafin, ku kai ruwanta a auna kafin ku dogara da ita. Jami'ar Bayero da ire-irenta suna da ɗakunan gwaji.

Kada ka kai ƙorafi kai kaɗai. Ku tafi da sunan ƙungiyarku ta masu lambu, da sanin mai unguwa da dagaci. Ku rubuta takarda, ku kai ofishin NESREA da ma'aikatar muhalli ta jiha, a buga muku hatimi a kwafinku. Ku ne kuka fi kowa sanin ranar da ruwa ke sauya launi, to ku sami ɗan makaranta a cikinku ya riƙa rubutawa, rana da lokaci da launi da wari, da hoto. Wata uku na irin wannan rubutu ya fi zuwa ofis sau goma da baki, domin shi zai nuna wa jami'i daren da ya kamata ya zo da kwalba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba ku damar neman bayani a rubuce daga hukumar tarayya, kuma ta ɗibar mata kwana 7 ta amsa.

TAMBAYA: Malam, ina rinin shadda a gida da yara shida, yanzu na sayi fili zan faɗaɗa. Na yi rajistar kamfani. Akwai sauran wata takarda?

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Akwai. Rajistar kamfani sunan kasuwanci ta ba ki, ba ta ba ki izinin zubar da ruwa ba. Rinin zamani ba irin na karofin Ƙofar Mata ba ne da ake yi da baba da toka. Da soda mai ƙuna ake yi da sauran sinadarai, ruwansa yana da kaifi ƙwarai, yana cin fata, yana kashe rijiyar maƙwabta in ya tsuma a ƙasa. Kafin ki sa bulo ɗaya, ki je ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA da zanen wurin da kiyasin ruwan da za ki riƙa zubarwa kullum, su faɗa miki matakin da girman aikinki ya faɗa. Manyan ayyuka dokar 1992 ta wajabta musu binciken tasiri ga muhalli kafin a fara gini, masana'antu masu aiki kuma ana neman rahoton binciken muhalli daga gare su duk shekara 3. Ki ware wurin tankuna tun a zane, a gangaren fili, aƙalla biyu a jere kuma a shafe su da siminti: ɗaya na tarawa da daidaita pH, ɗaya na kwantar da launi da alif. Waɗanda suka gama gini kafin su tuna da ruwa su ne suke ƙarewa da fasa katanga su saki a kwata.

TAMBAYA: Baba, wani direban tifa yana kawo mana busasshiyar laka daga wani kamfanin fata, ya ce taki ce, kuma da arha. Mu zuba a gona?

AMSA: Kada ku zuba, ɗana. Duk kurom ɗin da matata ta cire daga ruwa a cikin lakar nan yake taruwa. Ka fasa curi ɗaya ka duba, in ka ga shuɗi-shuɗi ko kore-kore a ciki, shi ne. Kada kuma ku ƙona ta, ko ita ko yankakken fata mai shuɗi, domin wuta tana iya juya kurom ɗin jima ya koma nau'in da ke jawo ciwon daji. Kamfani mai bin lasisinsa dole ya san inda kowace tifa ta lakarsa ta tafi, ya kuma iya nunawa a rubuce. Lakar ba abin wasa ba ce ko a inda ake ajiye ta: a Janairun 2015, a garin Ranipet na ƙasar Indiya, bangon wani tankin tara laka na matatar kamfanonin jima ya fashe cikin dare, ma'aikata 10 da ke barci a maƙwabtaka suka rasu. Wadda aka riga aka sauke muku, ku tattara ta wuri guda nesa da rijiya da hanyar ruwa, ku rufe da leda kafin damina, ku hana yara da dabbobi zuwa wurin. Ku rubuta lambar motar, ku kai wa dagaci da ma'aikatar muhalli, a sa wanda ya kawo ya zo ya kwashe abinsa.